Tabon Silin da Tsagar Bango: Me Ya Kamata Mai Duba Gida Ya Rubuta?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana haddasa muhawara tsakaninmu masu aikin duba gine-gine, wanda kuma ya shafi aljihu da lafiyar duk mutumin da yake tara kuɗi da niyyar mallakar muhalli. Idan aka ɗauko injiniya ko ƙwararren magini ya duba gida kafin a biya kuɗinsa, ya kuma zauna rubuta rahoton abin da ya gani, shin ya kamata ya sa ƙananan aibobi a ciki, kamar siririyar tsaga a jikin filasta, da tabon ruwa a silin, da kan famfon da yake ɗiga, ko kuwa ya tsaya ga manyan matsaloli ya bar sauran? Na haura shekara 20 ina wannan aiki a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma amsar da nake bayarwa yau ta bambanta da wadda na riƙe lokacin da na fara.

Kowa ya san yadda muke sayen gida a ƙasar nan. Takarda muke bincika, kuma muna bincika ta da kyau: a je ofishin KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ko ma'aikatar ƙasa a tabbatar da shaidar mallaka, a nemo mai unguwa da maƙwabta su shaida iyaka, idan gidan gado ne a tabbatar duk magada sun amince. Wannan duk daidai ne, domin rigimar fili ta raba zumunta ba adadi. Amma ginin da za a zuba wa miliyoyin naira, wanda iyali za su kwana a ƙarƙashin rufinsa, zagaye ɗaya ake yi masa da rana tsaka, a buɗe ɗakuna, a leƙa kicin da banɗaki, a yaba fenti, a yi addu'a a shafa. Sai an ji labarin rugujewar gini, kamar benen Ikoyi mai hawa 21 da ya faɗi a Legas a watan Nuwamba na 2021, ko makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yuli na 2024, sannan a ɗan yi kwanaki ana maganar ingancin gini, daga nan a koma gidan jiya. A 'yan shekarun nan dai abin ya fara sauyawa. Ma'aikatan da ke zaune a Abuja ko Legas, da 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya ko Ingila masu turo kuɗi a saya musu gida a garinsu, da masu neman rancen gida daga banki, sun fara neman a rubuta musu rahoto kafin su biya. Sai dai a cikin waɗanda na sani suna wannan aiki kowa da yadda yake rubuta nasa, wani shafi guda, wani kuma littafi guda.

A watan Afrilu na bara, ƙanin wani abokin aikina da Allah ya yi wa rasuwa ya zo ya same ni, ya ce matar marigayin tana son ta sayi gida da kuɗin sallamarsa domin ta zauna da marayunta huɗu, kuma an samo wani mai ɗaki uku da falo a wata sabuwar unguwa da ke bayan gari. Muka je da safe. Gidan yana ƙyalli, warin sabon fenti bai ma gama fita ba. Dillalin dattijo ne mai mutunci wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, da ya ga na fito da tocila da ma'auni da littafi sai ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, don Allah ka duba manya ka bar ƙanana. Babu gidan da ba shi da tsaga a garin nan, kada ka tsorata baiwar Allah a kan abin da bai taka kara ya karya ba." Na ce masa, "Gaskiyarka, Baba, babu gidan da ba shi da tsaga. Ka bar ni in ga wace iri ce wannan, idan ba komai ba ce, ni da bakina zan gaya mata haka." Na durƙusa na shafa gindin bangon ɗakin da ke gabas, sai na ji fentin ya yi bororo, da na danna shi da babban yatsa ya fashe, wani farin gari kamar kanwa ya zubo mini a tafin hannu. A bayan katakon ƙofar sito akwai siririn layin jar ƙasa, kaurinsa bai wuce na fensir ba, ya taso daga daɓe ya shige cikin katakon. A kusurwar silin falo akwai tabo mai launin ruwan shayi da ya ratso sabon fentin. Ga tayil 9 da suka fashe, da kan famfo 2 masu ɗiga, da ƙananan tsage-tsage birjik a filasta kamar saƙar gizo-gizo. Sannan ga tsaga guda da ta tashi daga kusurwar wata taga ta karkace ta nufi kusurwar ginin, wadda tsinken ashana yake shiga cikinta ta sama amma ba ya shiga ta ƙasa. Duk abin da na lissafa nan, idan mutum ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya kalla, ƙarami ne, babu ɗaya a ciki da zai hana kowa barci a daren ranar.

Kafin in faɗi abin da na rubuta mata, adalci ne in kawo hujjar masu cewa a bar ƙanana, domin ba dillalai kaɗai ke faɗin haka ba, a cikinsu akwai manyan injiniyoyi da nake girmamawa, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa rahoton da ya tara komai yana binne abin da ya fi muhimmanci. Na ga haka da idona. Wani matashin abokin aiki, mai himma da gaskiya, ya taɓa nuna mini rahoton da ya rubuta wa wani mai saye, kusan shafi 40 cike da hotuna, ya jera aibobin ɗaya bayan ɗaya bisa yadda ya riƙa shiga ɗakunan. Hannun ƙofa mai girgiɗi yana lamba 4, bambancin launin fenti yana lamba 11, sai can a lamba 63, tsakanin fasasshen gilashin taga da murfin kwata, ya rubuta cewa ramin sokawe yana taku 6 kacal daga rijiyar da mutanen gidan ke sha. Mai sayen ya gaji tun kafin ya kai rabi. Ya ɗauki rahoton ya tafi wurin mai gida yana ta ciniki a kan tayil da hannun ƙofa, aka rage masa abin da aka rage, ya tare da iyalinsa, suka ci gaba da shan ruwan wannan rijiya. Masu wannan ra'ayi suna kuma cewa dogon lissafi yana zaluntar mai sayarwa, domin gidan da aka shekara 15 ana zaune a cikinsa ba zai yi kama da sabo ba, kuma akwai masu saye da ke mayar da rahoto sandar karya farashi. Haka nan mutumin da bai san gini ba yana iya firgita da yawan lambobi ya gudu daga gida mai ƙwari, ya je ya faɗa wanda aka lulluɓe ciwonsa da fenti.

Na yarda da cutar da suka gano, maganin da suka kawo ne ban gamsu da shi ba. Laifin rahoton matashin nan yana wurin tsari, domin ya ba hannun ƙofa da ramin sokawe matsayi ɗaya. Da ya ɗauko batun rijiyar ya sa shi a shafin farko da manyan haruffa, ya tattara hannun ƙofa da danginsa a sakin layi guda a ƙarshe, da babu wanda zai ce ya cika surutu. Abin da na tsaya a kai shi ne, mai duba gida ba shi da hurumin ɓoye wa wanda ya ɗauke shi aiki wani abin da idonsa ya gani, amma wajibinsa ne ya auna masa nauyin kowanne, domin wannan awon shi ne ainihin abin da aka biya shi ya yi. Tabo a silin, ko yaro zai gan shi. Ilimin yana wurin sanin cewa wannan tabon daga ƙusar kwano guda ce da ta saki, wancan kuwa daga mahaɗar rufi ne inda ruwa ya yi shekaru yana jiƙa katakon da ke ɗauke da kwanon.

Wahalar kalmar "ƙarami" ita ce ido ne yake yanke hukuncinta, shi kuwa ido girman abu yake gani, ba ya ganin dalilinsa. A gaban kowane aibi abin da nake tambayar kaina shi ne me ya haifar da shi, yana tsaye ne ko yana tafiya, kuma me zai zama idan aka ƙyale shi damina uku. A ɗauki tsaga, wadda ita ce ta fi jawo gardama. Tsage-tsagen nan masu kama da saƙar gizo-gizo yawanci filasta ce ta bushe da gaggawa, ko don ba a ba ta ruwa yadda ya kamata ba, ko don an yi ta cikin iskar hunturu, kuma a fatar gini kawai suke, ba su taɓa ƙashinsa ba. Tsagar da ta miƙe tana bin mahaɗar bulo da ginshiƙin kankare sau da yawa bambancin motsin abubuwan biyu ne idan zafi ya buge su suka kuma huce. Amma tsagar da ta karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a wani ƙarshen fiye da ɗayan, ta kuma bayyana ciki da waje a wuri guda, tana nuna cewa harsashin ginin ya motsa. Cibiyar binciken gine-gine ta Ingila, wato BRE, ta kasa tsagar bango gwargwadon faɗinta, inda ta ɗauki wadda ba ta wuce milimita 5 ba a matsayin abin da ya fi shafar kyan gani, ta kuma ɗauki wadda ta haura milimita 25 a matsayin barazana ga tsayuwar ginin, amma ita kanta cibiyar ta ja kunne cewa faɗi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci da shi. Tsagar milimita 2 da take ƙaruwa kowace damina ta fi wadda ta kai milimita 6 amma ta shekara 10 a tsaye haɗari. A Kano muna da dalili na musamman da zai sa mu kula da wannan, domin gidaje da yawa an gina su ne a kan tsofaffin kududdufai da aka cike da bola da ɓaraguzai, ƙasar da ba ta gama zama ba. A wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa kuwa akwai baƙar lakar nan da take kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga harsashi tana saukewa. A irin waɗannan wurare siririyar tsaga ita ce saƙon farko da ƙasa take aikowa, kuma Hausawa sun riga sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake yi, ya bi tsagar ya isa ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya ƙara buɗe kankaren daga ciki.

Farin garin da ya zubo mini a hannu a gidan nan alama ce ta danshin ƙasa da yake hawa cikin bulo, saboda ba a shimfiɗa abin da zai tare shi ba lokacin da gini ya kai matakin difisi, wato inda harsashi ya ƙare bango ya fara tashi. Ruwan yana ɗauko gishirin ƙasa ya bar shi a jikin bango, abin da magina ke cewa kanwa ta ci gini, kuma sabon fenti yana rufe shi na 'yan watanni ne kawai. Layin jar ƙasar nan kuwa hanyar gara ce. Shi ne ya sa na nemi tsani na cire allon silin guda na leƙa sama da tocila, na riƙa dungurar katakon rufin da sukundireba ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun amsa da ƙarfi, amma guda biyu da ke saman sito sukundireban ya nutse cikinsu kamar ya shiga biredi, domin gara ta cinye cikin ta bar ɓawon. Daga ƙasa babu abin da ke nuna haka sai wannan layi mai kaurin fensir, wanda mai shara zai iya kankare shi cikin daƙiƙa biyu.

Akwai kuma aibobin da gyaransu bai kai kuɗin buhun siminti ba amma suna iya cin rai, kuma su ne na fi jin tsoron a kira su ƙanana. Soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi yana nuna waya tana zafi a ciki. Sau da yawa idan aka buɗe sai a tarar an ja wayar milimita 1.5, wadda ta dace da fitilu, zuwa soket ɗin da ya kamata a ba shi 2.5, sannan a zo a jona masa abin dafa ruwa ko dutsen guga. Gidaje da yawa ba a binne musu sandar da ke kwashe wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa ba, wasu kuma an haɗa musu wutar gari da ta janareta ba tare da makunnin sauyawa na kirki ba. Duk wanda ya zauna a Arewa ya san yadda gobara take yawaita da hunturu. Haka batun rijiya da sokawe, wanda masana lafiya ke ba da shawarar a raba su da aƙalla mita 15, wasu ma suka ce 30, abin da yake da wuya a filayenmu na awon igiya, amma wahalarsa ba ta sa kwalara da taifot su ɗaga wa kowa ƙafa ba. Irin waɗannan a shafin farko nake sa su, ko da a ido ba su kai fasasshen tayil girma ba.

Na ce amsata ta sauya, kuma ya kamata in faɗi abin da ya sauya ta. A shekarun farko na aikina ina cikin masu cewa a bar ƙanana, ina ganin hakan shi ne nuna ƙwarewa. Na taɓa duba wa wani ɗan'uwa gida, na ga indararon soro yana zuba daidai gindin kusurwar ɗaki, babu dakali babu magudana, ƙasar wurin ta ɗan lotsa. Na gani sarai, na ce a raina wannan aikin birkila ne na yini guda, ban rubuta ba, ban ma ambata masa da baki ba. Bayan damina biyu kusurwar ta zauna, bango ya dare tun daga linta har ƙasa, ƙofar ɗakin ta daina rufuwa, sai da aka tona aka ƙara wa harsashin ƙarfi da kuɗin da ya ninka na dakalin sau da yawa. Mutumin bai taɓa yi mini gori ba, amma tambaya ɗaya da ya yi mini cikin sanyin murya, ko na lura da wurin a ranar da na duba, har yau tana damuna, domin amsar ita ce na lura. Na yanke masa hukunci a kan kuɗinsa da gidansa ba tare da ya sani ba. Tun daga ranar na gane abin da ake nufi da ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, na kuma daina barin wani abu a cikin kaina wanda ya kamata ya kasance a takardar mai shi.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ko da yake rahoton injiniya sabon abu ne. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Fenti a kan bango mai danshi kwana uku kafin a kawo mai saye bai da maraba da wannan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawanmu muke bi, suka yi wa aibin gida hukunci na musamman, suka kasa shi kashi uku. Akwai ɗan kaɗan wanda ba ya rage darajar gida, wannan ba a mayar da ciniki saboda shi kuma ba a biyan komai. Akwai matsakaici, wanda suka ba da misalinsa da tsagar bangon da ba a jin tsoron za ta kayar da gidan, a nan ciniki yana nan amma mai saye yana karɓar gwargwadon abin da aibin ya rage. Akwai kuma babba, kamar tsagar da ake tsoron rushewa saboda ita, ko rijiyar gida ta kasance mai zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi, wannan mai saye yana da ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Sun saɓa a kan inda iyakar babba take, wasu suka ce sulusin kuɗin gidan, wasu suka ce rubu'i. Malaman nan ba su ce a yi shiru a kan ƙaramin aibi ba, sun sa masa suna sun kuma ajiye shi a matsayinsa, kuma wannan shi ne tsarin da ya kamata rahotonmu ya bi.

A cikin wannan hukunci akwai abin da dillalai da masu sayarwa ya kamata su yi tunani a kai, domin yana kare su ne. Aibin da mai saye ya sani tun lokacin ciniki ya kuma yarda, ba shi da ikon dawowa daga baya ya ce a warware saboda shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka rahoton da ya ambaci tabon silin da fasasshen tayil, mai saye ya karanta ya sa hannu, ya rufe ƙofar rigimar da takan kai mutane gaban mai unguwa ko alƙali bayan damina ta farko. Na faɗa wa dattijon dillalin nan haka, na ce masa, "Baba, la'adarka ta yau ce, amma sunanka na gobe ne, kuma takardar nan ita za ta tsaya maka idan wani ya zo yana cewa ka ɓoye masa." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in rubuta, amma in rubuta da tsoron Allah.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a sun yi ta kai da komowa a kan tambayar. A Birtaniya, ƙungiyar masu duba gine-gine da kimanta kadarori ta RICS tana ba kowane sashe na gida lamba da launi: 1 kore ne, babu gyaran da ake bukata yanzu, 2 ruwan goro ne, akwai gyara amma ba na gaggawa ba, 3 ja ne, matsala mai tsanani ko mai bukatar gaggawa. Mai saye yana buɗe shafi ya san inda zai fara kai idonsa. A Amurka, ƙungiyar masu duba gidaje ta ASHI, wadda aka kafa a 1976, ba ta ɗora wa membobinta duba fenti da sauran kayan ƙawata bango ba, ta fi mayar da hankali ga abin da ba ya aiki, ko mai haɗari, ko wanda ya kusa ƙare rayuwarsa. Wasu abokan aikina suna kafa hujja da wannan. Sai dai a can gida yakan bi ta hannun hukuma tun daga zane, ana zuwa a duba shi mataki-mataki yayin gini, kuma akwai takardun da za a koma gare su. A nan kuwa, duk da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006, gidaje da yawa da nake shiga an gina su ne a hankali cikin shekaru, birkila wannan ya fara wancan ya ƙarasa, babu zane, babu wanda zai gaya maka zurfin harsashi ko yawan bulon da aka buga daga buhun siminti guda. Gidan da ba shi da takardar tarihi, ƙananan alamun jikinsa su ne kaɗai shaidar yadda aka gina shi. Kakanninmu ma sun san haka, shi ya sa suke hawa soro kafin damina su toshe kowace 'yar kafa, su gyara indararo, su sabunta yaɓe.

Abin da bai wuce tsufa da kyan gani ba, kamar fentin da ya koɗe, da tayil mai tsaga wanda ƙasansa bai lotsa ba, da hannun ƙofa, ina tattara shi a wuri guda a ƙarshen rahoto, in rubuta ƙarara cewa wannan abin da ake tsammani ne a gida mai waɗannan shekaru, ba dalilin fasa ciniki ba ne kuma ba dalilin karya farashi ba ne. Wannan jimlar haƙƙin mai sayarwa ce a kaina. Sabon gida da ɗan kwangila zai miƙa kuwa hukuncinsa daban ne, domin a kwangilar da aka rubuta da kyau akan riƙe wani kaso na kuɗinsa, galibi kashi 5 cikin 100, har tsawon wata 6 ko shekara guda saboda gyaran abin da ya bayyana, don haka a nan ko ƙusa ce ta karkace sai a rubuta ta.

Abu biyu zan ƙara, ina kuma fatan hukumomin da ke kula da sana'o'inmu, irin su COREN ta injiniyoyi da CORBON ta magina da ESVARBON ta masu kimanta kadarori, za su duba yiwuwar fitar da salon rahoto guda mai sauƙi, har da fassararsa da Hausa, domin yawancin masu sayen gida a nan da Hausa suke tunani. Na farko, rahoto ya faɗi abin da ba a iya gani ba. Wanda ya duba gida a watan Afrilu bai ga yadda rufinsa yake a watan Agusta ba, bai ga inda ruwan unguwa yake kwanciya ba, kuma ya kamata ya rubuta haka, ya kuma shawarci mai saye ya tambayi maƙwabta. Na biyu, mai saye ne ya kamata ya nemo mai dubawa ya kuma biya shi da hannunsa, domin wanda dillali ya kawo, ko wanda kuɗinsa ya rataya a kan faɗuwar ciniki, zai ga manyan abubuwa da yawa sun koma ƙanana a idonsa ko da bai yi niyya ba.

Rahoton da na rubuta wa matar marigayin shafi 4 ne, na kuma zauna na karanta mata shi da Hausa a gaban ƙanin mijinta. A shafin farko na sa katakon rufin nan biyu da gara, da wasu soket 3 da na tarar sun ƙone, da karkatacciyar tsagar tare da dalilinta, wato ruwan kwano da ke zuba a gindin wannan kusurwa. A na biyu na sa danshin bango da tabon silin, wanda ya tabbata ƙusoshi ne suka saki. Tayil da famfo da saƙar gizo-gizo suka tafi layi biyar na ƙarshe. Na gaya mata gidan yana sayuwa idan aka yi gyaran shafin farko kafin a tare. Mai gidan ya rage abin da ya ishi wannan gyara, aka canza katakon, aka yi wa gara magani, aka zagaye ginin da dakali da magudana. Na ja layi da fensir a ƙarshen tsagar na rubuta kwanan wata a gefensa, na nuna wa babban ɗanta yadda zai riƙa dubawa. Na koma a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, na tarar tsagar ba ta ƙetare layin ba, tayil ɗin nan 9 kuwa suna nan yadda suke, ta shimfiɗa darduma a kansu.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Injiniyan gine-gine, daga Kano